Zama kusa da manyan wayoyin wuta: me lissafin maganaɗisu ya nuna?

Tun da Birnin Kebbi ta fara faɗaɗa, filaye suka yi tsada, gine-gine suka matsa har kusa da gindin manyan turakun lantarki, tambaya ɗaya ke yawo a majalisu da rumfunan dillalan filaye: shin zama kusa da waɗannan wayoyi yana cutar da jiki? Wasu na cewa wayar tana zuƙe jini, wasu na cewa tana hana haihuwa, wasu kuma na cewa duk camfi ne, ga su nan shekara da shekaru ba abin da ya same su. Mai sayar da fili yana da tasa amsar, mai neman a rage masa kuɗi shi ma yana da tasa.

Wannan magana ba ta buƙatar gardama mai tsawo, domin abin da ke kewaye da waya mai ɗauke da wuta ana iya lissafa shi. Lissafin yana cikin darasin fiziks na babbar sakandare, shi ne kuma ɗaliban injiniya ke maimaitawa a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru. Duk wanda ya iya ninkawa da rabawa zai iya binsa, in ya bi kuma zai ga inda tsoron mutane ya dace da inda ya kauce.

Abu biyu ke fita daga waya

Mai noman rani a fadamar Argungu ya san bambancin ƙarfin da injin ban-ruwa ke tura ruwa da shi, da yawan ruwan da ke bi ta cikin tiyo. Haka wutar lantarki take. Ƙarfin turin shi ake aunawa da bolt, yawan wutar da ke kwarara kuma da amfiya. Kowannensu yana haifar da nasa abin a kewayen waya. Bolt yana haifar da filin lantarki, wanda shi ne ke sa mutum ya ji ɗan tsikari in ya taɓa jikin mota a ƙarƙashin babban layi. Amfiya kuwa tana haifar da filin maganaɗisu, wato yankin da allurar kamfas za ta ji ana jan ta.

A 1820 wani masanin ƙasar Denmak mai suna Osted ya lura cewa allurar kamfas tana karkata idan aka saki wuta a wayar da ke kusa da ita. A cikin shekarar, Bafaranshe Amfer, wanda daga sunansa aka samo ma'aunin amfiya, ya nuna cewa wayoyi biyu masu ɗauke da wuta suna jan juna ko suna ture juna. Duk mai batirin sola a gida zai iya ganin abin da Osted ya gani. Ya buɗe kamfas ɗin da yake duba alƙibla da shi a wayar hannu, ya kawo shi dab da ɗaya daga cikin kauraran wayoyin da suka tashi daga batiri zuwa inbata lokacin da ake jan wuta sosai. Allurar za ta kauce. In ya janye hannu taku ɗaya, sai ta koma inda take.

Abu na farko da ya kamata a riƙe ke nan: maganaɗisu yana bin amfiya, ba ruwansa da yawan bolt. Layin da aka rubuta wa bolt 330,000, in ba a jan wuta da yawa ta cikinsa, maganaɗisunsa kaɗan ne.

Lissafin waya guda

Filin maganaɗisu yana zagaye waya ne zobe bayan zobe, yana raguwa yayin da ake nisa da ita. Don gane inda ya fuskanta, sai mutum ya yi kamar ya damƙe wayar da hannun dama, babban yatsa na kallon inda wuta ta nufa. Inda sauran yatsun suka lanƙwasa, nan filin ya nufa.

Ana auna ƙarfinsa da tesla, amma tesla guda babban abu ne ƙwarai, don haka aka fi amfani da maikrotesla, kashi ɗaya cikin miliyan na tesla. A littafin makaranta ana rubuta ƙa'idar doguwar waya miƙaƙƙiya da B = μ₀I ÷ 2πr, inda B ke nufin ƙarfin fili, I amfiya, r nisa, μ₀ kuma lamba ce tsayayya. Idan aka saka darajar μ₀ aka taƙaita, sai ta koma haka:

ƙarfin fili a maikrotesla = 0.2 × amfiya ÷ nisa a mita

Waya mai ɗauke da amfiya 100, a nisan mita 1, tana ba da maikrotesla 20. A mita 2 ya koma 10, a mita 10 ya koma 2. Ninka nisa, ƙarfi ya rabu biyu.

Domin a samu abin gwadawa, ita kanta ƙasar da muke takawa tana da nata maganaɗisun, tsakanin maikrotesla 25 zuwa 65 gwargwadon inda mutum yake a duniya, a yankinmu kuma ya ɗan haura 30. A cikinsa aka haife mu. Sai dai akwai bambancin da bai kamata a ɓoye ba: na ƙasa a tsaye yake, na wayar wuta kuwa yana kai da komo sau 50 a kowace daƙiƙa, domin haka wutar Najeriya take juyawa. Saboda haka ba daidai ba ne a ce tunda na waya bai kai na ƙasa ba, magana ta ƙare.

Idan wayoyi biyu suka jera

Nan ne ainihin maganar take, domin da wuya a ga waya tana tafiya ita kaɗai. Wuta dole ta je ta dawo.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. A lissafa na kowace waya daban kamar ɗayar ba ta nan, sannan a duba inda kowanne ya fuskanta. In sun fuskanci wuri ɗaya a haɗa su, in sun saɓa a ɗebe ƙarami daga babba.

Mu ɗauki wayoyi biyu, mita 1 tsakaninsu, kowace tana ɗauke da amfiya 100, wutar kuma tana tafiya gefe guda a dukansu. A tsakiyarsu kowace tana nisan rabin mita, don haka kowace tana ba da 0.2 × 100 ÷ 0.5, wato 40. Gwada dabarar hannun dama a kan kowace, za ka ga a tsakiya ɗaya na turawa sama, ɗaya na turawa ƙasa. 40 a ɗebe 40, babu komai. Amma can waje, a ce mita 10 daga ta kusa da mita 11 daga ta nesa, sun fuskanci wuri ɗaya: 2 da 1.82, jimla 3.82.

Yanzu a juya wutar ɗaya, ta zama ɗaya na tafiya ɗaya na dawowa. Komai ya juye. A tsakiya sun haɗu sun zama 80. A can waje kuwa sun saɓa: 2 a ɗebe 1.82, saura 0.18. Wayoyin dai su ne, amfiyar ita ce, nisan shi ne, amma ƙarfin ya sauka daga 3.82 zuwa 0.18, ya ragu fiye da sau 20. Kuma daga nan, duk ninka nisa, ƙarfin yana raguwa ne sau huɗu maimakon sau biyu.

Masu aikin wayarin sun san wannan da hannunsu ko da ba su taɓa rubuta lissafin ba. Mitar nan mai baki kamar filaya, wadda ake maƙalawa a waya don auna amfiya, maganaɗisun wayar take karantawa. In ka maƙala ta a kan layif kaɗai, wato wayar da ke kawo wuta, za ta nuna maka abin da gidan ke ja. In ka haɗa layif da niyutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, cikin bakinta lokaci guda, sai ta nuna sifili, alhali ga firji da fanka na aiki. Yaron shago sabon shiga kan ɗauka mitar ce ta lalace, har sai maigidansa ya ce masa ya raba wayoyin.

Wannan ne ya sa wayar dutsen guga ba abin damuwa ba ce. A ce tana jan amfiya 5. Da waya ɗaya ce, a nisan santimita 30 za ta ba da maikrotesla 3.3. Amma mai tafiya da mai dawowa suna cikin roba guda, kimanin milimita 3 tsakaninsu, sai abin da ya rage ya zama kusan 0.03.

Masu shirin WAEC da JAMB kan gamu da wata tambaya a nan: idan amfiyar ba ɗaya ba ce, ina ne filin zai zama sifili? A ce ɗaya na ɗauke da 30, ɗaya 10, santimita 40 tsakaninsu, suna tafiya gefe guda. Wurin yana kusa da mai rauni, santimita 30 daga babbar, 10 daga ƙaramar. Gwada ka gani: 0.2 × 30 ÷ 0.3 ya ba da 20, haka 0.2 × 10 ÷ 0.1 ya ba da 20. Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne mantawa da mayar da santimita zuwa mita, sai kuma haɗa lambobi ba tare da duba fuskar kowanne ba. Idan wurin da ake tambaya ba a kan layi ɗaya yake da wayoyin ba, filayen biyu za su haɗu ne a karkace, dole a rarraba kowanne zuwa na tsaye da na kwance kafin a haɗa.

Jan juna da ture juna

Kowace waya tana zaune cikin filin 'yar'uwarta, don haka tana jin ja ko turi. Masu tafiya gefe guda suna jan juna, masu saɓawa suna ture juna. Ƙarfin a kan kowace mita ta waya shi ne 0.0000002 × amfiyar farko × amfiyar biyu ÷ tazara a mita, amsar kuma a niyuton take, wato ma'aunin ƙarfin ja ko turi. Daga 1948 har zuwa 2019 da wannan ƙa'ida ce duniya ta bayyana abin da ake nufi da amfiya guda, kafin a koma auna ta da cajin ilektron.

A kullum ƙarfin ba wani abu ba ne. Wayoyin misalinmu masu amfiya 100 suna jan juna da niyuton 0.002 a kowace mita, ko nauyin giram guda bai kai ba. Amma amfiyar ana ninka ta ne da 'yar'uwarta. Ranar da wayoyi suka haɗu aka yi shot, amfiya 10,000 ta ratsa wayoyi biyu masu tazarar santimita 30, ƙarfin zai kai kusan niyuton 67, nauyin kusan kilo 7 a kan kowace mita, cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa ake ganin wayoyin falwaya suna fizga lokacin da wani abu ya fashe a taransifoma, shi ya sa kuma injiniyoyi ke ɗaure sandunan tagulla na cikin akwatin rarraba wuta da ƙarfi haka. A manyan layuka inda ake jera waya biyu a matsayin layi ɗaya, za ka hango 'yan ƙarafa tsakaninsu jefi-jefi. Aikinsu hana iska da wannan jan haɗa su.

Manyan layukan da suka ratsa Kebbi

Wutar da ke zuwa Birnin Kebbi daga madatsar Kainji tana biyo layi mai bolt 330,000. Daga nan layuka masu bolt 132,000 ke ɗaukar ta zuwa Sakkwato da kuma Yamai a Jamhuriyar Nijar. Duk wanda ya ɗaga kai ya ƙirga zai ga layukan uku-uku suke tafiya. Wutar kowanne tana kai da komo, amma ba a lokaci ɗaya suke kaiwa ƙololuwa ba. An tsara su yadda a kowane lokaci, in aka haɗa na ukun, amsar sifili ce, matuƙar an raba musu kaya daidai. Ke nan suna soke juna kamar wayoyi biyu masu saɓawa, sai dai tazararsu mai faɗi ce, don haka sokewar ba ta cika sai an yi nisa.

Mu yi misali da lambobin da muka zaɓa da kanmu. A ce layin bolt 330,000 yana ɗauke da megawat 200, wato kimanin amfiya 350 a kowane layi. A ce mita 10 ne tsakanin layi da layi, tsayinsu daga ƙasa kuma mita 12. Mai tsaye a ƙarƙashin na tsakiya zai samu maikrotesla 5 zuwa 6. A mita 25 daga tsakiya ya sauka zuwa kusan 2. A mita 50 ya yi kusan rabin maikrotesla, a mita 100 kuma kimanin 0.1. Da dare in kaya ya ƙaru lambobin su hau, in ya ragu su sauka.

Yanzu a gwada da mai walda a bakin titi. Wayar da ya riƙe tana iya ɗaukar amfiya 150. Da yawansu kan rataya ta a kafaɗa ko su naɗe ta a hannu don kada ta yi musu nauyi, wayar da aka maƙala a jikin ƙarfen kuma tana can gefe guda. A nisan santimita 10 daga jiki, lissafin shi ne 0.2 × 150 ÷ 0.1, wato 300. Ka duba wayar tsohon injin walda, za ka ga garin ƙarfe ya manne mata, in ya kafa wuta kuma tana ɗan motsi a ƙasa. Wannan bawan Allah yana samun fiye da sau 50 na abin da mai tsaye a ƙarƙashin layin Kainji ke samu a misalinmu, amma ba na jin ana yi masa maganar. Gyaran kuwa ba ya cin ko sisi: ya jera wayoyin biyu tare har kusa da wurin aiki, ya ajiye su gefe ɗaya na jikinsa, ya daina naɗe su a jiki. Wanda aka sa wa na'urar daidaita bugun zuciya ya nemi shawarar likitansa kafin ya tsaya kusa da irin wannan aiki.

Akwai kuma ƙananan wayoyin unguwa. Idan mutane suka tattaru a kan layi ɗaya saboda shi ne mai ƙarfi, ko aka sace niyutural, ko ta tsinke wuta ta riƙa komawa ta ƙasa da bututun ƙarfe, mai tafiya da mai dawowa sun daina zama daidai. Sokewar nan ta ragu, ragowar kuma tana yin nisa kamar ta waya guda. Wayar da ta bi ta saman taga a haka tana iya kawo maganaɗisu cikin ɗaki fiye da babban turken da ake hange daga nesa. Bango ba ya tare shi, kwano ma haka.

To, yana cutarwa?

Masana sun kasu, kuma ya kamata a faɗi na kowa. Hukumar ƙasa da ƙasa mai tsara iyakar ƙarfin irin waɗannan filaye na lantarki da maganaɗisu, ICNIRP, ta sa maikrotesla 200 a matsayin iyaka ga jama'a a ƙa'idarta ta 2010. Wannan iyaka an gina ta ne a kan illar da aka tabbatar, wato fili mai ƙarfi sosai yana iya motsa jijiyoyi nan take. Duk lambobin babban layi da muka lissafa suna can ƙasa da ita.

A ɗaya ɓangaren, wasu bincike sun ga cewa sankarar jini ta ɗan fi yawa tsakanin yaran da ke zaune a gidajen da matsakaicin filinsu ya haura maikrotesla 0.3 zuwa 0.4. Saboda haka a 2002 hukumar binciken sankara ta duniya, IARC, ta sa wannan fili a rukunin 2B, rukunin abubuwan da mai yiwuwa ne su haddasa sankara. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake nazari ta ce hujjar ba ta kai a ce filin ne ke haddasa cutar ba, amma ta kai a ci gaba da bincike, a kuma ɗauki matakan kariya marasa tsada. Ita cutar ba mai yawa ba ce tun asali. Maganar zuƙe jini kuwa ba ta da tushe, domin babu hanyar da fili irin wannan zai rage jinin mutum.

Ra'ayina shi ne wanda ya riga ya zauna mita 60 ko 100 daga layi ya kwantar da hankalinsa. Wanda kuma yake da zaɓi tsakanin filaye biyu, ga yara ƙanana, ya ɗauki na nesa, tunda lissafi ya nuna ninka nisa yana rage ƙarfin sau huɗu. In gidan ya riga ya tsaya, a mayar da ɗakin kwanan yara ɓangaren da ya fi nisa da wayar.

Abin da ke kisa a ƙarƙashin layi

Abin da ya fi damuna shi ne ana ta muhawara a kan maganaɗisu, an bar bolt, alhali shi ne ke ɗaukar rai. A bolt 132,000 ko 330,000 ba sai an taɓa waya ba. In ƙarfe ko jikin mutum ya matso, wuta tana tsallako iska ta same shi. Magini da ya ɗaga rodi a saman bene, mai kafa eriya ko tankin ruwa, yaron mota da ya hau saman lodin harawa ko buhunan shinkafa, tifa da ta ɗaga bayanta don juye yashi, su ne ke cikin haɗari na gaske. Waya kuma tana saki ta yi ƙasa lokacin zafi da yawan kaya, don haka tsayin da aka gani da sanyin safiya ba shi ne na tsakar rana a watan Afrilu ba.

Don haka ne doka ta keɓe hanya ga layukan. Mai bolt 330,000 yana da mita 50, wato 25 kowane gefe daga tsakiya. Mai bolt 132,000 yana da mita 30, wato 15 kowane gefe. Kamfanin TCN mai kula da manyan layukan ya sha gargaɗin masu gini da masu kasuwa a cikin wannan tazara, ginin da ya shiga ciki kuma yana iya fuskantar rusau. Kafin a biya kuɗin fili kusa da turke, a ɗauki tef a auna daga tsakiyar layin, a tambayi ofishin filaye ko bolt nawa ne, kada a tsaya ga maganar dillali.

In kuma waya ta tsinke ta faɗo, da damina musamman, ƙasar da ke kewaye da ita tana iya ɗaukar wuta ko da ba a ga tartsatsi ba. A tsaya aƙalla mita 10 nesa, a hana yara da dabbobi matsowa, a kira ma'aikatan wuta. Wanda ya tsinci kansa kusa ya haɗe ƙafafunsa ya riƙa jan su a hankali har ya fita, domin dogon taku shi ke ba wuta hanyar shiga ta ƙafa ɗaya ta fita ta ɗayar.